Gwangwanin Biskit

Na hau jirgin fito da sassafe,
Gwangwanin biskit rungume a ƙirji.
Ruwan Hong Kong ya yi launin toka,
Kowloon na can tsallake tana hamma.
Wanda ya gan ni zai ce guzuri ne,
Bai san azurfa ke motsi a ciki ba.

Talatin da ɗaya. Na ƙirga jiya,
Na sake ƙirgawa da asuba.
Baba makanikin injin jirgi ne,
Baƙin mai ya zama lallen farcensa.
Duk shekara in sanyi ya shigo
Sai ya sayo sulen fanda guda,
Ya naɗe a tsohuwar singileti,
Ya ce, "Siu-fong, ba na kashewa ba ne,
Ba kuma na wasan yara ba."

Zauren otal, hawa na uku,
An ɗaura mini takarda a wuyan hannu.
Tebura jere kamar kasuwar kifi,
Sai dai nan hajar tana cikin gilashi,
Babu ƙarni, babu ihu,
Ciniki da raɗa da kalkuleta.
Kowa na kallon hannun kowa,
Ban ga wanda ya kalli fuskata ba.

Na farko ya ce zinare yake saye.
Na biyu na cin taliya, ya ɗaga kafaɗa.
Na uku dattijo, Kwok Yiu-tong,
Haka katin gabansa ya ce.
Ya shimfiɗa ƙyalle, ya sa safar hannu,
Ya manna gilashi a ido ɗaya,
Bai ce mini ko zauna ba.

Fanda na cin gora.
Fanda na shan ruwa.
Fanda da ɗanta a kan reshe,
A baya kuwa haikalin nan dai.
Yana juya su kamar ungozoma:
"Wannan an buga shi da yawa,
Kuɗin nauyinsa kawai zan biya.
Wannan ya yi ɗigon fari, kin gani?
Danshi ne. Laifinki ba ne ba."

A kan na bakwai ya yi shiru,
Ya ɗora a sikeli, ya sauke, ya maimaita.
Ya danna lamba, ya juyo mini da ita.
Na lissafa da gadon Mama
A gidan kula da tsofaffi na Sha Tin:
Wata biyar, har da kuɗin magani.
Na haɗiye yawu, na ce a ƙara.
Ya ƙara kaɗan. Ban ja ba.

Na ƙarshe robarsa a fashe take.
Ya kanga shi a fitila, ya yi tsaki:
"Wani ya taɓa shi da hannu tsirara.
Dubi shatin yatsa a cikin fandar,
Ya ci ƙarfen, ba ya goguwa.
Asara! Ɗan yaro ne, da alama."
Na karɓi gilashin na leƙa.
Shekarata shida, Baba na wanka,
Na ɓare robar da haƙori
Don in ji ko fanda na da laushi.
Na mayar, na rufe, na yi tsit.
Shekara talatin yana buɗe gwangwanin,
Bai taɓa ce mini uffan ba.

Talatin na bar wa Kwok Yiu-tong,
Ya rubuta rasit, ya ce in ƙirga.
Ya tura na ƙarshen gefena:
"Ko na saya, narkawa za a yi."
Na ce to, ai dama ba na sayarwa ba.

Jirgin yamma ya cika da ma'aikata.
Gwangwanin ya yi sakayau a cinyata,
Sule ɗaya na yawo, ƙwal-ƙwal.
Na ɗora babban yatsana kan shatin,
Ya rufe shi ruf, har da saura.
Injin na kaɗawa ƙarƙashin ƙafata,
Ban san wa ke ba shi mai yanzu ba.